Abin da ke kashe gidajen giyar unguwa a Birtaniya

A daren Asabar, 5 ga Agustan 2023, wuta ta tashi a wani tsohon gini da ke Himley, kusa da garin Dudley a tsakiyar Ingila. Sunan wurin Crooked House, wato karkataccen gida, kuma sunan bai yi ƙarya ba. An gina shi a 1765, sai haƙar kwal da aka riƙa yi a ƙarƙashin ƙasa ta sa gefe ɗaya ya lotsa da fiye da mita guda, har baƙo kan ɗora ƙwallon gilashi a kan kanta ya ga kamar yana mirginawa yana hawa tudu. An yi kusan shekara 200 ana sayar da giya a cikinsa. Makonni kaɗan kafin gobarar, kamfanin giya na Marston's ya sayar da ginin, kwana biyu bayanta kuma aka kawo katafila ta baje abin da wutar ta bari. 'Yan sanda suka ce suna kallon lamarin a matsayin wutar da aka cinna da gangan. A Fabrairun 2024 ƙaramar hukumar yankin ta umarci masu wurin su sake gina shi yadda yake.

Wannan ya yi amo ne saboda ginin sananne ne. Galibin gidajen giyar Birtaniya shiru suke mutuwa. Wata rana a wayi gari an toshe tagogi da katako, an kafa allon sayarwa, bayan shekara guda a tarar wurin ya zama kanti ko ɗakunan haya. Ƙungiyar kamfanonin giya da masu mashaya ta ƙasar, BBPA, ta ƙirga gidajen giya kusan 69,000 a 1980. A 2000 sun koma 60,800, yanzu kuma suna wajen 45,000. A 2024 kaɗai, sama da 400 a Ingila da Wales aka rushe ko aka mayar da su wani abu dabam, wato sun tafi ke nan ba dawowa.

Na san abin da mai karatu zai ce: to, sai me? Allah ya ƙara. Ba zan yi masa musu a kan giya ba. Sai dai akwai wani adadi da ya kamata ya sa ya dakata. A 2022 mutanen da giya ta kashe kai tsaye a Birtaniya sun haura 10,000, adadi mafi yawa zuwa wannan shekarar tun da aka fara ajiye wannan ƙididdiga, kuma hakan ya faru ne a lokacin da gidajen giya suka yi ƙarancin da ba su taɓa yi ba a wannan zamani. Giyar ba ta tafi ko'ina ba. Ɗaki ta sauya.

Kafin a shiga dalilai, a fahimci me mashaya take nufi ga Bature. Cikakken sunanta a harshensu ma'anarsa "gidan jama'a". A ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, ga sanyi ga yayyafi, babu mai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya yi hira. Aikin da majalisa da teburin mai shayi suke yi a wajenmu, mashaya ce take yinsa a can. Nan ake kallon ƙwallo, nan ake gasar kacici-kacici da wasan jifan kibiya a allo, nan dangi ke taruwa bayan an dawo daga binne mamaci, nan mai neman birkila ko mai gyaran famfo yake jin wanda ya iya. Kowa yana da wadda yake kira "lokal" ɗinsa, wato ta unguwarsu, inda mai wurin ya san sunansa, ya kuma san in bai zo ba kwana uku to a leƙa gidansa. Wannan nau'in ne yake ƙarewa, ƙaramar mashaya ta bakin layi wadda abin sha kawai take sayarwa.

Bayanin da aka fi saurin kawowa shi ne Turawa sun rage sha. Akwai gaskiya a ciki. Yawan giyar da kowane mutum ke sha a ƙasar ya kai ƙololuwa a 2004, daga nan ya fara sauka. Wani bincike na jami'ar UCL da ke Landan ya nuna cewa a Ingila, matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 da ba sa sha sam sun ƙaru daga kashi 18 cikin 100 a 2005 zuwa kashi 29 a 2015. Amma raguwar sha ba ta kai raguwar gidajen giya ba, kuma rufewar ta fara tun kafin 2004. Abin da ya fi girma shi ne inda ake shan. A farkon shekarun 1980, kusan kashi tara cikin goma na giyar biya a mashaya da kulob ake shanta. A 2015, karo na farko a tarihi, wadda ake saya a kanti a tafi da ita gida ta zarce wadda ake sha a waje. Manyan kantuna irin su Tesco da Asda sukan karyar da farashin kwalin giya don jawo mai saye, sun san in ya shigo zai cika kwando da nama da madara da sabulu. Mai mashaya ba shi da sabulun da zai mayar da asara da shi. Kuɗin kofi ɗaya a wurinsa, wanda yanzu ya kai wajen fam 5, ya isa mutum ya sayi gwangwani huɗu a kanti, ya zauna gaban talabijin a falonsa mai ɗumi.

Har yanzu wannan saman labarin ne. Don a ga gindinsa sai an koma 1989.

A wancan lokaci manyan kamfanoni shida, wato Bass, Allied, Whitbread, Courage, Grand Metropolitan da Scottish & Newcastle, su ke sarrafa kusan kashi 75 cikin 100 na giyar biya a ƙasar, kuma su ne suka mallaki dubban gidajen da ake sayar da ita. Mai riƙe da mashaya ɗan haya ne, kuma a ɗaure yake: giyar kamfanin da ya ba shi haya kawai zai sayar. Hukumar da ke hana babakere a kasuwanci ta bincika ta ce wannan tsari yana cutar mai saye. Gwamnatin Margaret Thatcher ta yi doka cewa duk kamfanin giyar da ke da gidaje fiye da 2,000 ya saki rabin abin da ya haura wannan adadi. Gidaje kusan 11,000 suka fito kasuwa. Niyyar ita ce a samu gasa, farashi ya sauka, ɗan haya ya samu 'yanci.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dokar ta ɗaure masu yin giya, amma ba ta ce komai ba a kan kamfanin da ba ya yin giya. Nan da nan sababbin kamfanoni suka bayyana waɗanda sana'arsu mallakar gidajen giya ce kawai. Enterprise Inns ya fara a 1991, Punch Taverns a 1997, kuma cikin shekaru kaɗan kowannensu ya tara gidaje sama da 8,000, fiye da abin da mafi girman tsofaffin kamfanonin ya taɓa riƙewa. Igiyar da ke wuyan ɗan haya ba a kwance ta ba, hannun da ke riƙe da ita ne ya sauya.

Kuma sabon hannun ya bambanta da tsohon ta hanya mai muhimmanci. Kamfanin da ke dafa giya yana bukatar mashaya ta rayu, don ita ce bakin da kayansa ke fita. Zai iya haƙuri da ƙaramar haya muddin ganga na tafiya. Sabon kamfanin kuwa da bashi ya sayi gidajen, bashi mai yawa, wanda ya jinginar da hayar shekaru masu zuwa ya karɓo. Kafin rikicin tattalin arziki na 2008, bashin Punch ya haura fam biliyan 4, na Enterprise ya haura biliyan 3. Kuɗin ruwan wannan bashi daga aljihun ɗan haya yake fitowa, ta ƙofa biyu. Akwai hayar gini, wadda masu sana'ar ke kira busasshiyar haya. Akwai kuma jiƙaƙƙiyar haya, wato ƙarin da ɗan haya yake biya a kan kowace ganga saboda dole daga kamfanin zai saya, a farashin da ya ɗara na kasuwa nesa ba kusa ba. Kamfanin yana da kaso a kuɗin na'urar caca da ke lungu. Har na'urar auna kwararar giya ake sakawa a bututun ɗakin ƙasa, don a kama wanda ya saci jiki ya sayo ganga a waje. In ɗan haya ya yi ƙoƙari ciniki ya haɓaka, lokacin sabunta haya sai a ɗaga masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani bincike da aka yi wa kwamitin majalisar dokoki a 2009 ya gano cewa kashi biyu cikin uku na irin waɗannan 'yan haya ba sa samun fam 15,000 a shekara, alhali da yawansu miji da mata ne ke aiki tun safe har tsakar dare, kwana bakwai a mako.

A kan wannan raunannen gini ne duka ya sauka sau uku a jere. A ranar 1 ga Yulin 2007 aka hana shan taba a cikin wuraren taruwar jama'a a Ingila, bayan Sikotland ta riga ta yi a 2006. Mashayar da ke da lambu ko kicin ta jure. Ta bakin layi, wadda abokan cinikinta tsofaffin leburori ne masu kofi a hannun dama, sigari a hagu, ba ta da inda za ta tsayar da su sai titi cikin ruwan sama. A 2008 bankuna suka durƙushe, albashi ya tsaya. A shekarar kuma ministan kuɗi Alistair Darling ya kawo tsarin ƙara harajin giya kowace shekara da kashi 2 cikin 100 a kan hauhawar farashi, kuma kafin magajinsa George Osborne ya soke shi a 2013 harajin biya ya tashi da kashi 42 cikin 100. A farkon rabin 2009 ana rufe gidaje 52 a kowane mako. Har yau ana gardama kan wanne cikin ukun ya fi yin ɓarna, kuma gardamar ba za ta ƙare ba, tun da tare suka zo. Ni dai ina ganin dokar taba an ɗora mata fiye da laifinta, saboda ita ce aka gani da ido, bashin Punch kuwa a takarda yake.

Kamfanin da bashi ya shaƙe yana da mafita ɗaya, ya sayar da kadara. A nan ne abin da nake ɗauka shi ne zuciyar lamarin yake. Tsohuwar mashaya galibi a kan kwana take, wuri mai kyau, da filin ajiye motoci da bene a sama. A ƙasar da farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi shekara da shekaru, wannan fili ya fi cinikin da ake yi a cikinsa daraja. Mashaya tana iya biyan ma'aikatanta, ta biya haya, ta bar wa mai riƙonta abin cefane, amma duk da haka a rufe ta, saboda in aka rushe aka gina ɗakuna goma sha biyu za a samu a rana ɗaya abin da ba za ta kawo ba a shekara ashirin. Ba faɗuwa ta yi ba. Gawarta ce ta fi ta tsada. Har zuwa 2017, a Ingila mai gini ba ya bukatar izinin ƙaramar hukuma kafin ya mayar da mashaya kanti ko ma ya rushe ta, shi ya sa ƙananan rassan Tesco da Co-op da yawa suke cikin tsofaffin gidajen giya. Wasu kamfanonin ma in za su sayar sai su sa sharaɗi a takarda cewa ba za a sake sayar da giya a ginin ba har abada, don kada ya yi gasa da wani gidansu da ke kusa. Birnin Landan, inda ƙasa ta fi tsada, ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen giyarsa tsakanin 2001 da 2016, kuma ba wanda zai ce Landan ta rasa mutane ko kuɗi a waɗannan shekaru.

Labarin Carlton Tavern a yammacin Landan ya nuna yadda abin yake. Gini ne da ya tsira daga bama-baman Jamus a yaƙin duniya na biyu. A Afrilun 2015, ana dab da sanya shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, kamfanin da ya saye shi ya turo katafila ya rushe shi ba tare da izini ba. Ƙaramar hukumar Westminster ta tsaya kai da fata sai an sake gina shi bulo bayan bulo, kuma aka yi, ya sake buɗewa a Afrilun 2021. Dokoki sun biyo baya. Tun Yulin 2016 ɗan hayar kamfanin da ke da gidaje 500 ko fiye yana iya neman a kwance masa igiya ya biya hayar kasuwa kawai, tun 2017 kuma sai da izini ake rushewa ko sauya amfanin mashaya. Ihu bayan hari ne ga dubban da suka riga suka tafi, kuma masu gini sun samo hanyar zagayewa. A rufe wurin, a bar rufi ya yi yoyo shekara biyu ko uku, a sa hayar da ba mai iya biya, sannan a je gaban hukuma a ce ga shi nan, ba mai so, sana'ar ba ta ci a nan.

Sai haraji, wanda shi ne kukan masu sana'ar a kullum. Abincin da aka ci a mashaya ana ɗora masa VAT na kashi 20 cikin 100, yawancin abincin kanti kuwa ba a ɗora masa komai. Tim Martin, mai kamfanin gidajen giya na Wetherspoon, ya shafe shekaru yana cewa da wannan rata ne kantuna ke rage farashin giyarsu. Harajin wurin kasuwanci ma nasu dabam ne: na kanti da faɗin wuri da hayar unguwa ake auna shi, na mashaya kuwa da cinikin da ake ganin za ta iya yi, don haka wanda ya gyara wurinsa ya jawo jama'a ya jawo wa kansa ƙarin haraji. BBPA tana cewa a kowane fam uku da aka kashe a mashaya, ɗaya na gwamnati ne, ribar kofi guda kuma ba ta wuce kwabo 12 ba. Ƙungiya ce mai kare muradin 'ya'yanta, a riƙa tunawa da haka, amma ko an rage wani abu daga kukan, ratar siririya ce.

Annobar korona ta rufe su a ranar 20 ga Maris 2020, suka fito da bashi. Yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya ninka kuɗin wuta da gas, ga sana'ar da dole ta sanyaya ɗakin ƙasa ta kuma ɗumama na sama. Sannan kasafin kuɗin da ministar kuɗi Rachel Reeves ta gabatar a Oktoban 2024 ya ɗaga kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya daga kashi 13.8 zuwa 15, ya kuma sauko da matakin albashin da ake fara biya daga fam 9,100 zuwa 5,000 a shekara. Wannan na biyun ne ya fi cizo, domin mashaya da ɗalibai da masu aikin 'yan sa'o'i take tafiya, waɗanda a da albashinsu bai kai matakin ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma fam 12.21 a sa'a, rangwamen harajin wuri ya sauka daga kashi 75 zuwa 40, duk a Afrilun 2025. A madadin haka aka rage kwabo ɗaya a harajin kofin giyar da ake zubowa daga ganga.

Akwai wani zargi da ya shafe mu, kuma gara a faɗe shi. A 2014 Lord Hodgson, wanda ya taɓa zama darakta a kamfanin giya, ya ce a majalisar dattawa ƙaruwar Musulmi a birane irin su Birmingham da Leicester da Manchester na cikin abin da ke rufe gidajen giya. A wasu unguwanni haka ne, ba abin ɓoyewa. Wanda ya zaga unguwar Whitechapel a Landan ko wasu sassan birnin Bradford zai ga tsofaffin gidajen giya sun zama gidajen abincin halal, wasu ma masallatai. Amma ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kashi 6.5 cikin 100 ne na mutanen Ingila da Wales, kuma a 'yan birane suka taru. Ba su ne suka rufe mashayar ƙauyen Cumbria ko ta garuruwan kwal na kudancin Wales ba. Can ramukan kwal da masana'antun ƙarfe ne suka mutu tun shekarun 1980, suka tafi da dubban mazan da kan tashi daga aiki da ƙishi su biya kafin su isa gida. A ƙauyuka kuma, tun da aka kawo na'urar gwada numfashin direba a 1967 tuƙa mota zuwa mashaya ya zama kasada, ga gidaje da yawa sun koma hannun masu kuɗin birni da ba sa zuwa sai hutu. Abin dariyar ma shi ne a Smethwick da West Bromwich, kusa da Birmingham, baƙi ne suka ceci gidajen giya da dama: 'yan asalin Punjab, yawanci mabiya addinin Sikh, suka karɓe su suka haɗa da gasasshen nama irin na ƙasarsu, yanzu kuma cike suke.

Wani rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2018 ya fito da abin da ke ba mutane mamaki. Tsakanin 2008 da 2018 an rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen giya, amma yawan masu aiki a sana'ar ƙaruwa ya yi. Ƙananan masu ma'aikata ƙasa da goma ne suka ɓace, manyan suka ƙara girma. Wetherspoon, mai rassa kusan 800, yana sayen tsofaffin bankuna da gidajen silima a tsakiyar gari, yana buɗewa tun da safe da karin kumallo da gahawa, yana sayen giya da yawan da zai sayar a farashin da ƙaramin ɗan haya ko sarinta ba zai samu a kai ba. Wasu sun koma gidajen abinci a zahiri, da teburin iyali da kujerar jarirai. Mace ko baƙo ya fi sakewa a irin waɗannan fiye da tsohuwar mashaya mai hayaƙi, inda kowa kan juyo ya kalle ka in ka shigo, kuma masu kukan tsohon zamani ba su cika ambaton wannan ba. Sai dai dattijon da ya rasa matarsa, wanda kofi ɗaya yake saya ya zauna sa'a biyu don ya ji muryar mutane, ba shi da gurbi a wurin da ake son tebur ya tashi a ba wasu.

Wasu al'ummomi sun sayi nasu da kansu. A 2003 mutanen ƙauyen Hesket Newmarket a Cumbria suka haɗa kuɗi suka sayi Old Crown, kowa da hannun jarinsa. Dokar 2011 ta ba mazauna unguwa damar yi wa gini rajista a matsayin kadarar al'umma, ta yadda in za a sayar sai an ba su wata shida su nemo kuɗi, kuma da ita aka ceci Ivy House a kudancin Landan a 2013. Damar neman kuɗi kawai dokar ta ba su, ba ta tilasta wa mai gini ya sayar musu ba. Kuma galibi ƙauyukan da ke da lauyoyi da akantoci masu ritaya ne suke iya tara ɗaruruwan dubban fam cikin wata shida. The Bevy da ke Brighton, wadda mazauna rukunin gidajen gwamnati suka buɗe a 2014, ta yi suna ne saboda irinta ba su da yawa. Asusun gwamnati da ke tallafa wa al'ummomi su sayi irin waɗannan gine-gine an rufe shi a Disamban 2024.